Bushin Ƙafar Mota: Tarihinsa Daga Filin Tsere Zuwa Hanyoyin Gusau

Gabatarwa

Idan mai mota ya kai motarsa gareji a Sabon Garin Gusau yana kukan tana ƙara daga ƙasa, ko sitiyari yana rawa, ko kuwa taya tana cinyewa ta gefe guda, bakanike ba ya fara buɗe inji. Yakan sa jak ya ɗaga motar, ya kama taya da hannu biyu ya girgiza, sa'an nan ya ce bushin ne ya mutu. Abin da yake nufi wani ɗan guntun roba ne wanda galibi bai wuce girman gwangwanin madara ba, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin motar. Amma shi ne ke tsakanin taya da jikin mota, kuma a kansa nauyin fasinja da dukan hanya suke haɗuwa.

Dalili kuwa shi ne, taya ba a kafe take da jikin mota ba. Hannuwan ƙarfe ne ke riƙe da ita, tare da sifirin da shokozoba, su ne makanikai ke kira ƙafar mota. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa ya haɗu da jiki akwai gaɓa, a cikin gaɓar kuwa akwai bushin. Aiki biyu ake nema gare shi, kuma ba sa ga maciji da juna. Ana so ya yi laushi, ya bar taya ta hau ta sauka, ya shanye girgiza kafin ta kai ga mutanen da ke ciki. Ana kuma so ya yi tauri, ya riƙe taya daram a kan layin da direba ya sa ta. In an ƙara laushi an rage riƙo, in an ƙara riƙo an rage laushi.

Wannan lacca za ta bi tarihin yadda aka yi ta sasanta waɗannan bukatu biyu, a motocin tsere da 'yan'uwansu na gudu waɗanda ake sayar wa masu sha'awa, inda aka fi gwada kowane irin bushin, da kuma a hanyoyin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda motoci suka sha wata jarrabawa dabam.

Jirgin ƙasa, Sabon Gari da zamanin tagulla

Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ba ta zama garin motoci ba sai da jirgin ƙasa ya zo. Jirgi ya isa Kano cikin 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda cikin 1929. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da wuraren awon gyaɗa da auduga, ƙungiyar noman auduga ta Ingila ta kafa injin gurzar auduga, ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sana'a suka zo daga Kudu da sauran sassan Arewa. A wajen tsohon gari suka zauna, nan ne Sabon Gari ya tsiro.

Amma layin dogo bai kai Sakkwato ba, har yau kuwa bai kai ba. Saboda haka duk kayan da za su babban birnin lardin, da fatu da gyaɗa da za su fito daga can, sai sun hau mota tsakanin tashar jirgi da Sakkwato, ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara. Watau jirgi ne ya haifi sana'ar manyan motoci a Gusau, ita kuma ta haifi sana'ar makanikai.

Hanyoyin wannan zamani na burji ne. Da damina ruwa ya yanka su, da rani kuwa su yi gargada, su cika da jar ƙura. Manyan motocin da ke bin su, irin su Bedford da Austin, daga baya kuma Mercedes 911, a kan sifirin mai falle-falle suke zaune. Ana naɗe ƙarshen babban fallen ya zama zobe, a zura sandar ƙarfe ta ciki, a tsakaninsu kuwa a sa bututun tagulla. Wannan bututu shi ne bushin na asali. Hikimarsa ita ce tagulla ta fi baƙin ƙarfe taushi, don haka ita za ta riƙa cinyewa, a cire ta a sa wata, sifirin mai tsada ya tsira.

Aibinsa guda ne, amma babba. Ƙarfe ne ke goga ƙarfe, ba ya aiki sai da giris. A jikin kowace gaɓa akwai 'yar ƙofa da ake ɗura giris, kuma ɗura shi na daga cikin manyan ayyukan yaron mota. A ƙasa mai ƙura kuwa giris kansa kan zama makami, domin in rairayi ya gauraya da shi sai ya koma kamar dutsen wasa wuƙa, ya riƙa cin tagulla da sandar gaba ɗaya. Motar da aka yi sakaci da girisinta tun daga nesa ake jin kukanta. Har yanzu manyan motocin ɗaukar kaya da yawa suna amfani da irin wannan bushin, domin babu abin da ke ɗaukar nauyi kamarsa.

Shigowar roba

Mutanen ƙasar Hausa sun san danƙo tun da daɗewa, har an yi zamanin da ake tsaga gamji ana sayar wa kamfanoni danƙonsa. Amma ɗanyen danƙo ba ya aikin inji: zafi na narkar da shi, sanyi na sandarar da shi. Cikin 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa danƙo da farar wuta sai ya zama roba mai jimiri, wadda ke miƙewa ta koma yadda take. A Ingila ma Thomas Hancock ya yi rajistar irin wannan dabara a kusan lokaci guda. Daga sunan da Turawa suka ba wannan dahuwa ne aka samo kalmar falkanaiza, wadda ake kiran mai facin taya da ita a bakin titi. Cikin 1876 Henry Wickham ya kwaso irin itacen roba wajen 70,000 daga Birazil ya kai Ingila, daga nan aka yaɗa shi zuwa Asiya, daga baya ya zo Afirka ta Yamma, ya kama sosai a ƙasar Binin da Safele.

Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ne roba ta shiga gaɓar mota. Wani injiniya ɗan ƙasar Beljiyam, Léon Thiry, ya fito da dabarar cusa roba da ƙarfin gaske tsakanin bututun ƙarfe biyu, ƙarami a ciki, babba a waje. Aka sayar da abin da sunan Silentbloc. Cikin 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya ɗora injin motarsa Plymouth a kan roba don rage girgiza. Cikin 1937 kuma Mac Goldsmith, wanda ya gudo daga Jamus ta zamanin Hitler, ya kafa kamfanin Metalastik a Leicester, ya ƙware wajen manne roba da ƙarfe ta yadda ba sa rabuwa.

Ya kamata a fahimci yadda wannan bushin ke aiki, domin a nan ne ya rabu da na tagulla. Babu abin da ke goga wani a cikinsa. In hannun ƙarfe ya motsa, robar ce ke murɗewa, sa'an nan ta warware. Saboda haka ba ya bukatar giris, ƙura ba ta da inda za ta shiga, ba ya kuka, kuma yana shanye ƙananan duka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk ƙananan motoci suka koma kansa. Ga ƙasa irin Zamfara wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai roba na da nata abokan gaba. Man inji da man fetur na kumbura ta su ruɓar da ita. Zafin rana na busar da ita har ta tsattsage, a Gusau kuwa zafin bazara kan wuce digiri 40. Kuma tana tsufa ko da mota na ajiye ba ta tafiya.

Abin da motocin tsere suka nema

Laushin da ya faranta wa mai motar gida rai, shi ne ya zame wa direban tsere ƙarfen ƙafa. In mota ta shiga kwana da gudu, nauyinta na tura taya gefe, robar gaɓa ta lotsa, taya ta ɗan kauce daga layinta. Haka kuma in an taka birki da ƙarfi. Kaucewar ba ta da yawa, mai tafiya kasuwa ba zai ma ji ta ba, amma a gudun kilomita 200 cikin awa ta isa ta sa mota ta ƙi bin sitiyari. Neman maganin wannan ne ya haifar da ire-iren bushin da ake gani a motocin gudu. Ana iya kasa su gida biyar.

Na farko shi ne roba mai ƙarin tauri. Siffarsa daidai da ta motar gida, sai dai an sake haɗin robar. Ana auna taurin da wani ɗan ma'auni mai allura wanda wani Ba'amurke, Albert Shore, ya ƙago, mai lamba daga 0 zuwa 100. Robar motar gida takan faɗa wajen 50 zuwa 70, ta tsere kuwa ta haura haka.

Na biyu shi ne foliyuretan, wani haɗi da Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus cikin 1937, wanda ya yaɗu a hannun masu sha'awar motocin gudu musamman daga shekarun 1980. Taurinsa kan kama daga 70 zuwa 95, mai ba ya ruɓar da shi, kuma ya fi roba daɗewa. Amma ba ya murɗewa kamar roba, juyawa yake yi a kan bututun ciki. Ke nan an komo ga tsohuwar matsala: sai da giris, in ya bushe ya yi kuka, in ƙura ta shiga ta ci shi.

Na uku shi ne nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙago cikin 1935, da Delrin, wanda kamfanin ya fitar kasuwa wajen 1960. Waɗannan kusan ba sa lotsawa ko kaɗan. Sun dace da gaɓar da ke juyawa ta fuska guda kawai. In aka sa su inda hannun ƙarfe ke bukatar ɗan karkata, sai gaɓar ta cije, ƙarfen ya ɗauki wahalar.

Na huɗu babu roba a cikinsa sam. Ƙwallon ƙarfe ne mai rami a tsakiya, zaune cikin zoben ƙarfe, yana juyawa ta kowace fuska ba tare da lotsawa ba. Daga jiragen sama na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya shigo motoci, kamfanin Rose a Ingila da na Heim a Amurka suka shahara da ƙera shi har sunayensu suka bi shi. Shi ne ke ƙafar motocin tsere na gaske. Direba na jin kowace tsakuwa a hannunsa, abin da yake so ke nan. Amma ƙura da ruwa na kashe shi da wuri, kuma duk dukan da hanya ta yi, kai tsaye yake wucewa zuwa jikin mota.

Na biyar kuwa komawa ce ga roba, amma da lissafi. Masu ƙera motocin gudu na kan titi sun lura cewa ba za a sayar wa mutum motar da ke kaɗa masa haƙora ba. Jaguar E-Type ta 1961 ta tara dukan ƙafar baya cikin wani keji na ƙarfe, aka riƙe taya da gaɓoɓi masu tauri a cikin kejin, sa'an nan aka ɗora kejin a jikin mota bisa roba. Porsche 928 ta 1977 ta wuce nan. Injiniyoyinta na Weissach sun tsara gaɓar baya yadda in direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, lotsawar gaɓar za ta juya taya ciki kaɗan, ta daidaita motar, maimakon ta juya ta waje ta sa bayan mota ya zame. Daga baya aka yi bushin mai ramuka, wanda ke da laushi ta gaba da baya amma yana da tauri ta gefe, aka kuma yi mai ruwa a ciki, wanda ke aiki kamar ƙaramin shokozoba.

Abin lura a cikin wannan jeri shi ne, babu wanda ya kori wani. Duka biyar ɗin ana amfani da su har yau. Dukan hanya ba ya ɓacewa. In bushin bai shanye shi ba, to, hannun ƙarfe ko jikin mota ko ƙashin bayan fasinja zai shanye. Mai motar tsere ya zaɓi tauri ne domin filinsa sumul yake, tserensa na 'yan sa'o'i ne, kuma yana da makanikai da za su sake masa gaɓoɓi kafin tsere na gaba.

Tseren Afirka da zamanin Peugeot

Akwai tseren da filinsa ba sumul ba, shi ne kuma ya haɗa wannan tarihi da tashoshin motar Gusau. Cikin 1953 aka fara tseren Safari a Kenya da Yuganda da Tanganyika, don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Tafiya ce ta dubban kilomitoci a kan burji da taɓo da gargada. Cikin 1963 motoci 84 suka tashi, 7 kaɗai suka kai ƙarshe, ta ɗaya kuwa Peugeot 404 ce a hannun Nick Nowicki. Irin motar ta sake cinyewa cikin 1966 da 1967 da 1968. Magajiyarta, 504, wadda ta fito cikin 1968, ta ci Safari cikin 1975 a hannun Ove Andersson, mai ƙofa biyu da babban inji kuma ta ci cikin 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. A Afirka ta Yamma akwai tseren Bandama na ƙasar Kwaddibuwa, wanda tsananinsa ya kai cikin 1972 ba motar da ta kai ƙarshe. Can ma 504 ta yi nasara fiye da sau ɗaya.

Waɗannan motoci ba su fi sauran gudu ba. Abin da ya ba su galaba shi ne jiki mai ƙarfi, da ƙafa mai dogon zango wadda ke barin taya ta nutse cikin rami ta fito ba tare da mota ta daki ƙasa ba. A hanya marar kyau jimiri ya fi sauri, kuma ƙafar da ke da inda za ta ba da kai ta fi wadda ta sandare. Duk da haka, a tseren akwai ayarin makanikai da ke jiran mota a kowane zango, suna cire abin da ya gaji.

A Nijeriya an fara ganin Peugeot da yawa tun ƙarshen shekarun 1950. Cikin 1972 aka kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya, cikin 1975 ma'aikatarsa ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Shekarar ta zo daidai da biyan ƙarin albashin Udoji, ga kuma bashin mota da ake ba ma'aikata. Gwamnatin Janar Murtala da ta Janar Obasanjo suka mai da 504 motar manyan jami'ai. A tasha kuwa doguwar 504 ta zama tasi tsakanin Gusau da Zariya da Kaduna da Sakkwato, a-kori-kura kuma ta zama jakar ƙauye, tana kwaso hatsi da auduga daga kasuwannin ƙasar Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi. Kowa na kiranta Fijo.

Zamani ne da bakanike ke aiki cikin sauƙi. Iri ɗaya ne ya cika hanya, kayan gyaransa na ainihi suna cikin kanti, yaron da ya koyi ƙafar mota guda ya koyi ta rabin garin. Bushin in ya mutu sai a buge shi a cusa irinsa, wanda aka auna taurinsa daidai da nauyin motar.

Bayan 1986

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na ainihi suka yi tsada. Aka koma sayen tsofaffin motocin Turai, da yawansu ta tashar Kwatano. Sannu a hankali Golf da ire-irenta suka maye gurbin 504 a tasha, ita kuwa aka daina haɗa ta a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000. Waɗannan motoci an ƙera su ne don kwaltar Turai da fasinja huɗu ko biyar, sun kuma iso da robar da ta riga ta tsufa. A nan aka ɗora musu mutane da buhuna fiye da kima.

Makanikai suka nemi mafita da abin da ke hannunsu. Aka sami masu sana'ar yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota: a fere robar da wuƙa, a huda tsakiya, a buga ta cikin gaɓa. Wannan sana'a ta cancanci a yi mata adalci. Ta tsayar da dubban motoci a kan hanya lokacin da ba wata dabara. Robar taya tana da tauri da jimiri, kuma a wurare kamar zoben sifirin ko kan shokozoba tana yin aiki. Abin mamaki ma shi ne, talauci ya kai direban tasha inda neman gudu ya kai direban tsere, watau ga bushin mai tauri fiye da wanda aka ƙera motar da shi.

Amma direban tasha ba shi da sumul ɗin fili, ba shi da ayarin makanikai. Robar da aka fere ba a manne take da ƙarfe ba, don haka gogawa take yi, ramin ya yi ta faɗi. Ba wanda ya auna taurinta, ta dama na iya fin ta hagu, mota ta riƙa ja gefe in an taka birki. Dukan da ta ƙi shanyewa kuwa yana tafiya ga hannun ƙarfe da wurin da aka ɗaure shi, har ƙarfe ya tsage. A gaɓar da ke riƙe tayar gaba, wannan maganar rai ce. Haka nan bushin ɗin kanti marar suna, wanda ke kama da na ainihi amma ya farfashe cikin 'yan watanni. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma kurakurai uku da ke kashe ko da bushin na ainihi. Na ɗaya, ɗaure ƙusar gaɓa mota na sama a kan jak. Tun da robar murɗewa take yi, in aka ɗaure ta taya na reto, da an sauke mota za ta zauna a murɗe har abada, ta yage da wuri. Daidai shi ne a ƙarasa ɗaurin bayan mota ta zauna a kan ƙafafunta. Na biyu, barin man inji yana ɗiga a kan roba. Na uku, lodi fiye da kima. A 'yan shekarun nan kuma, tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, lalacewar mota a daji ta wuce maganar ɓata lokaci da asarar kuɗi.

Kammalawa

Akwai abin da ya kamata ya dami ɗalibi da ma'aikacin gwamnati a cikin wannan labari. Nijeriya na noman roba, tana da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Binin, ta kuma taɓa samun manyan ma'aikatun taya biyu, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja. Ta farko ta rufe cikin 2007, ta biyu ta bi ta cikin 2008. In ban da ƙoƙarin wasu masana'antu irin na Nnewi, ɗanyar roba ake fitarwa, a sayo ta bayan an mai da ita bushin a wata ƙasa, a kan taurin da aka auna don hanyar wasu mutane da yanayinsu.

Ga ma'aikaci, darasin na kusa ne. Ba baƙon abu ba ne a ga motocin gwamnati jere a harabar ma'aikata, tayoyi sun sace, injinsu kuwa lafiya lau, ƙafa ce kawai ta lalace, har ranar da za a yi gwanjonsu. Neman kuɗin sayen sabuwar mota ya fi neman kuɗin gyara sauƙi, domin sabuwar mota ana ganinta. Jami'in da ke sa hannu a takardar sayen kayan gyara, in ya san bambancin bushin da aka manne da wanda aka fere, ya kuma nemi a rubuta masa lambar kayan da sunan wanda ya ƙera, ya tsare dukiyar jama'a da ran direban motar asibiti. Ɗan hakin da aka raina shi kan tsone ido.

Ga ɗalibi kuwa, aikin yana nan a buɗe. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, akwai ta jiha a Talatar Mafara, akwai kwalejin horon malaman fasaha da jami'ar tarayya a Gusau. Ma'aunin Shore ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu. Ɗalibin injiniya na iya ɗaukarsa ya shiga Sabon Gari, ya auna bushin na ainihi da na kanti da na taya, ya rubuta motar da aka sa wa kowanne da hanyar da take bi, ya dawo bayan wata shida ya ga wanda ya rayu. Masu yankan roba suna da hannu da sanin hanya, makaranta tana da ma'auni da lissafi. Injiniyoyin Weissach da na Peugeot ba su yi wani abu da ya wuce haɗa waɗannan biyu ba, sai dai su a kan hanyoyinsu suka yi gwajin. Hanyar Bunguɗu da ta Tsafe su ma suna bukatar a yi musu nasu.